Ma'anar housing element: tallafin kuɗin haya a Birtaniya ga uwa mai aiki da ke riƙon yara ita kaɗai

Wannan kalmar housing element kusan kullum sai an tambaye ta a guruf ɗin mu na mata, musamman zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu suka bar musu yara, kuma abin da ke min ciwo shi ne da yawa sun ɗauka tunda suna aiki shikenan ba su da rabo a ciki, sai ki ga mace tana aikin kula da tsofaffi dare da rana, albashi na shigowa haya ta lamushe fiye da rabi, ga yara biyu ga kuɗin wuta, alhali akwai haƙƙinta da take bari a hannun gwamnati. Toh bari in warware yadda abin yake.

Housing element kason kuɗin haya ne da ke cikin Universal Credit, wanda mutane ke cewa UC. Shi UC ɗin an fara shi a 2013, ya haɗe tsofaffin tallafi guda 6 ya mayar da su ɗaya, cikinsu har da Housing Benefit wanda a da kansil ke biya, shi ya sa har yanzu za ki ji manyanmu na cewa je ki nemi Housing Benefit, amma ga mai shekarun aiki yanzu kusan duk ta UC ake bi, ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, ce ke biya sau ɗaya a wata. Ana lissafa miki kason kanki, kason yara, kason haya, wani lokaci da na renon yara, a tara su waje ɗaya a turo asusunki, yawanci ke za ki biya mai gida da hannunki.

Maganar aiki kuwa, babu wata doka da ta ce in kin wuce awa kaza an yanke ki. Abin da ake yi shi ne a rage a hankali. Mai yaro a hannu tana da wani kaso na albashi da ba a taɓawa sam, a shekarar 2025 zuwa 2026 fam 411 ne a wata ga wadda ake taimaka wa da haya, duk abin da ya haura wannan sai a cire fam 55 daga tallafin a kan kowane fam 100 da kika samu, a da ma 63 ake cirewa sai a ƙarshen 2021 aka sauke. Ga misali da lissafin waccan shekarar: uwa ta haura shekara 25, yara biyu ƙanana, kason kanta kusan fam 400, na yara kusan 293 kowane ɗaya, mu ce kason haya 700, jimla wajen 1,686. Albashinta bayan haraji 1,200, a cire 411 saura 789, kashi 55 cikin 100 na wannan kusan 434 kenan, toh za a turo mata wajen fam 1,252 a kan albashinta. Kin ga ai ba ƙaramin abu ba ne. Idan ta ƙara shif ta samu ƙarin fam 100, fam 45 nata ne, ni ma na san yana da zafi ka yi wahalar dare a ce abin da ya rage maka bai kai rabi ba, amma dai gaba ta ci ba baya ba.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne ba ainihin hayarki ake biya ba. In gidan ɗan kasuwa kike haya, akwai iyaka da ake kira Local Housing Allowance, ana duba yankin da kike da yawan ɗakunan da doka ta ce sun ishe ki, a ɗauki farashin gidaje masu arha, wato kashi 30 cikin 100 na ƙasa-ƙasa a yankin, a ce nan aka tsaya. Ke ɗaki ɗaya, yara biyu 'yan ƙasa da shekara 10 ɗaki ɗaya ko da mace da namiji ne, in jinsinsu ɗaya kuma za su zauna tare har shekara 16, kuma komai yawanku ba a wuce ɗaki 4. A Afrilun 2024 aka daidaita wannan iyakar da farashin kasuwa, a 2025 aka bar ta yadda take, su kuwa masu gidaje ba su daina ƙari ba, saboda haka matar can ta misalinmu in hayarta 850 ce kasonta 700, ragowar 150 daga aljihunta zai fita duk wata, daga kuɗin cefane da takalmin makarantar yara kenan. Wallahi a ganina nan ne tsarin ya fi zaluntar iyaye mata, don a garuruwa irin su Landan da Manchester samun gida a kan farashin da aka yanke sai an sha yawo. Dan Allah kafin ki sa hannu a takardar haya ki shiga intanet ki sa lambar unguwar, wato postcode, ki ga iyakar yankin, minti biyu ne.

Mai zama a gidan kansil ita kuma hayarta ake lissafawa gaba ɗaya, sai dai in aka ga ɗaki ɗaya ya yi rara a zabge kashi 14 cikin 100, biyu ko fiye kashi 25. Idan giɓin ya fi ƙarfinki a je kansil a tambayi ƙarin tallafin haya na wucin gadi, sun daɗe suna bayarwa amma sai an nema, kuma su ke da ikon cewa eh ko a'a.

Sai kuɗin reno, UC na mayar miki har kashi 85 cikin 100 na abin da kika biya wurin reno mai rajista, matsalar ke za ki fara biya sannan ki tura rasit, kuma maƙwabciyar da ke riƙe miki yaro ba ta cikin lissafi in ba ta da rajista. Kuɗin ciyarwa da uban yara ke turowa ba a ƙirga shi a matsayin samu, kar ki ƙi karɓa don tsoron a rage miki. Ajiya kuma ana dubawa, daga fam 6,000 ake fara ragewa, in ta haura 16,000 babu UC kwata-kwata, kuma fili ko gida da kika mallaka a Kano ko Zinder shi ma dukiya ce da ya kamata ki faɗa, haka kuɗin adashi in kin kwasa ya shiga asusunki. Ranar da kika sake aure ko wani ya tare a gidan a matsayin miji, ki sanar nan take don lissafin ya koma na mutum biyu, in aka gano daga baya sai an karɓe duk rarar da aka biya ki. Biyan farko yana ɗaukar kusan sati 5, ana iya ba ki wani abu kafin nan amma bashi ne da za a riƙa cirewa.

Abu mafi nauyi ga mutanenmu shi ne biza. Wadda ta zo karatu ko da bizar aiki, har da ta aikin kula da marasa lafiya, kusan duk an rubuta mata no recourse to public funds, ma'ana ba ta da izinin taɓa tallafin gwamnati, kuma UC na cikin jerin, in ta karɓa tana iya jawo wa takardunta matsala lokacin sabuntawa. 'Yar uwa ki duba abin da aka rubuta a bizarki tukuna, kar ki bi maganar ƙawa da ta ce ai ni an ba ni, wataƙila ita tana da izinin zama na dindindin ne. Wadda wannan sharaɗin ya hau kanta kuma ta shiga halin ƙunci da yara, sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ɗora wa kansil a Ingila nauyin duba yaran da ke cikin buƙata, wasu masu bizar iyali kuma suna iya neman a cire musu sharaɗin. Ƙungiyoyin taimakon jama'a irin su Citizens Advice da Shelter suna ba da shawara kyauta, ki tafi da takardar haya, takardun albashi na watannin baya da bayanin asusun banki, in Turanci na ba ki wahala ki tambaya ko za a samo miki tafinta.