Dokar wiwi ta jihar Michigan: me ta halatta, me ta hana?

Ana yawan cewa "Amurka ta halatta wiwi". Maganar da gyara. Wasu jihohi ne suka halatta, kowacce da sharuɗɗanta, amma a dokar gwamnatin tarayya shanta don nishaɗi laifi ne har yau.

Ta Michigan tana da tarihi. A 1969 kotu ta ɗaure John Sinclair, marubuci a jaridun matasa masu bijire wa hukuma, shekara tara da rabi zuwa goma, saboda naɗi biyu na wiwi da ya ba wata 'yar sandar ciki. Naɗi biyu kacal! Ko kana ƙin wiwi kamar me, wannan hukunci ya wuce gona da iri. A Disamba 1971 mutum wajen 15,000 suka taru a birnin Ann Arbor na jihar domin neman a sake shi, har da mawaƙi John Lennon, bayan kwana uku aka buɗe masa ƙofar kurkuku. A 1972 kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin.

Sai a Nuwamba 2018 jama'ar jihar suka amince da sabuwar doka ta ƙuri'ar raba gardama. Wanda ya kai shekara 21 zai iya riƙe oza biyu da rabi, wato kusan giram 70. A gida zai iya ajiye oza 10, amma abin da ya haura biyu da rabin sai a kulle shi. Gida ɗaya zai iya shuka tushe 12, muddin mai wucewa a titi ba zai hango ba. Sayarwa kuwa sai mai lasisi, da harajin kashi 10 cikin 100 bisa harajin ciniki, mafi yawansa na makarantu da hanyoyi.

Ba a sha a bainar jama'a, ba a tuƙi a buge, ba a ba wanda bai kai shekara 21 ba. Mai gidan haya zai iya hana hayaƙinta a gidansa, mai ba da aiki zai iya sallamar ma'aikaci a kanta.

Wanda ya fi kamata ya yi hattara shi ne baƙo. Biza da izinin zama a hannun tarayya suke, don haka ɗalibi ko ɗan ci-rani da ya sha, ko da a shago mai lasisi ya saya, takardunsa na iya shiga matsala.

Ranar 1 ga Disamba 2019 aka fara sayarwa, Sinclair na cikin masu sayen farko. Ya rasu a 2024 yana da shekara 82.