Cutar NF1 da Yadda Take Sauya Ƙashin Muƙamuƙi

Wace cuta ce NF1?

NF1 taƙaitaccen sunan neurofibromatosis nau'i na 1 ne. Cuta ce ta gado da take sa ƙari ya riƙa fitowa a jikin jijiyoyi, wani likitan Jamus von Recklinghausen ne ya yi bayaninta a 1882. Kusan mutum 1 cikin 3,000 ake haifa da ita. Tun yaro yana ƙarami za a ga tabo-tabo masu ruwan ƙasa a fatarsa, shida ko fiye, da ɗige-ɗige a hamata.

To me ya haɗa ta da muƙamuƙi?

Akwai jijiyar da take ratsawa ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, ita ke sa leɓe da haɓa su ji taɓi. In ƙari ya kama ta ko ya zauna kusa da ita sai hanyar da take bi ta buɗe, ƙofar shigarta ta yi faɗi, ƙashin wannan gefen ya sirance ko ya lanƙwashe, shi ya sa za ka ga fuskar yaro ta karkace gefe ɗaya, dasashi ya yi kauri, wasu haƙoran su maƙale a ciki su ƙi fitowa wasu kuma su yi tazara. Yawanci ba ciwo, sai an ɗauki hoton ƙashi ake ganewa.

Iyaye lafiyarsu ƙalau, ta ina yaro ya samo?

Kusan rabin masu ita ba su gada ba, a kansu ƙwayar halittar ta sauya. Amma mai ita duk cikin da aka samu rabi da rabi ne, ko ɗan ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Ba jifa ba ne, ba laifin uwa ba ne, don Allah a daina ɗora mata.

A cire haƙorin ko a yanke kumburin mana?

Nan ne haɗarin yake wallahi. Irin ƙarin da ke yaɗuwa cikin nama cike yake da hanyoyin jini, in aka taɓa shi da ka jini zai iya ƙin tsayawa. Kar a kai wa wanzami, kar a bari kowa ya cire haƙori a gefen sai likitan tiyatar baki da fuska ya ga hoto tukuna. Ko an yi tiyatar ma ƙarin yakan dawo. A 2020 Amurka ta amince da maganin selumetinib ga yaran da ƙarinsu ba ya ciruwa, yana rage girmansa, sai dai tsada.

Yaushe za a garzaya asibiti?

In kumburin ya fara girma da sauri, ya yi tauri, ko ciwo ya ƙi sauka, ko leɓe ya mutu, domin a wasu kaɗan yakan rikiɗe ya zama daji.