Haɗarin ɗura wa bindigar wani harsashi da hannu

Ɗurin hannu shi ne mutum ya ɗauki kwanson harsashin da aka riga aka harba, ya sake sa masa abin kunna wuta da albarushi da dalma domin a ƙara amfani da shi. Al'adar ta fi yaɗuwa tsakanin maharba da masu gasar harbi a Amurka, inda da yawa daga masu yin ta ke ƙin ɗura wa bindigar da ba tasu ba.

Tarihi

Sana'ar ta taso ne bayan bayyanar harsashi mai kwanson tagulla a tsakiyar ƙarni na 19. A lokacin baƙin albarushi ake amfani da shi, wanda kan cika kwanson kusan maƙil, saboda haka kuskuren awo bai cika yin muni ba. Lamarin ya sauya bayan 1884, lokacin da Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda kaɗan daga cikinsa ke yin aikin mai yawa, har kwanso guda na iya ɗaukar awo biyu ba tare da mai ɗurin ya lura ba. An kafa hukumar CIP a Beljiyam a 1914 da ƙungiyar SAAMI a Amurka a 1926, kuma su ne ke tsara iyakar matsin fashewar albarushi da ya dace da kowane nau'in harsashi.

Tushen haɗarin

Bindigogi biyu masu amfani da harsashi iri ɗaya sukan bambanta wajen faɗin gurbin harsashi da ƙwarin ƙarfe, alhali mai ɗuri a kan tasa bindigar yake gwada awonsa. Misalin da aka fi kawowa shi ne harsashin .45-70 da sojojin Amurka suka karɓa a 1873: ɗurin da bindigar Ruger No. 1 ta zamani ke jurewa zai iya tarwatsa tsohuwar bindigar Springfield ta wancan zamani, ya raunata hannu da idon mai harbi, ko da yake harsashin ya shige ta daidai. Ƙarancin albarushi ma haɗari ne, domin dalmar kan maƙale a hancin bindiga, harbi na gaba ya fasa shi.

Doka

Dokar Amurka ta 1968 ta wajabta lasisi ga mai haɗa harsashi domin kasuwanci. Kamfanonin ƙera bindiga irin su Glock suna gargaɗi a kan amfani da ɗurin hannu. Alhakin wanda ya ba da irin wannan harsashi kyauta kuwa ya danganta da jiha.