Waka, Va'a, Wa'a: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kwalekwalen Mutanen Polinesiya

Ina ne Polinesiya, kuma me ya sa kwalekwale yake da girma haka a wurinsu?

Polinesiya tarin tsibirai ne da ke warwatse a Tekun Fasifik, daga Hawayi a arewa zuwa Niyu Zilan a kudu maso yamma, zuwa Rapa Nui can gabas. Kakannin mutanen sun isa Tonga da Samowa kimanin shekara 2,800 da suka wuce, Niyu Zilan kuwa sai wajen 1250 zuwa 1300 Miladiyya aka sauka cikinta. Duk tsibirin da ka ga mutum a kansa, kwalekwale ne ya kai kakansa, shi da iyalinsa da 'yan dabbobinsa da irin shukarsa. Ba su da ƙarfe, ba su da kamfas, ba su da rubutacciyar taswira.

Da wane suna suke kiran kwalekwale?

Mutanen Mawori na Niyu Zilan suna cewa waka. A Tonga da Tsibiran Kuk da Rapa Nui, vaka ne. A Samowa da Tahiti va'a, a Hawayi kuma wa'a. Kalma ɗaya ce, baki ne ya sassauya ta. Masana harshe sun gano cewa asalinta da harafin k take. Mawori da Tonga suka riƙe shi, su kuwa Samowa da Tahiti da Hawayi suka mayar da shi ɗan tsayawar nan ta maƙogwaro, irin hamzar da muke yi a tsakiyar jama'a. Saboda haka Bahaushe ba zai sha wahalar furta wa'a daidai ba.

Sunan kwalekwalen kaɗai ne ya zo ɗaya?

A'a, kuma nan ne abin yake da daɗi. Gungumen nan mara nauyi da ake ɗaurawa a gefe don kada kwalekwale ya kife, ama ake ce masa a Hawayi da Tahiti da Samowa da Niyu Zilan, a Tonga kuma hama. Sandunan da ke haɗa shi da jikin kwalekwalen su ne kiato a bakin Mawori da Tonga, 'iato a Samowa da Tahiti, 'iako a Hawayi. Abin tuƙi na hannu hoe ne a Hawayi da Niyu Zilan, foe a Samowa, fohe a Tonga. Igiyar ɗauri ma haka: kafa a Tonga, 'afa a Samowa, 'aha a Hawayi. Ka duba da kyau, duk inda Tonga ta sa k, Samowa da Hawayi hamza suke sawa. Sauyin bai taɓa zuwa barkatai ba, ƙa'ida yake bi, kuma wannan ƙa'idar ce hujjar cewa harsunan uwa ɗaya ta haife su.

An ga haka a zahiri a 1769. Wani masanin teku kuma malamin addinin gargajiya daga tsibirin Ra'iatea, mai suna Tupaia, ya shiga jirgin Kyaftin James Cook, Baturen Ingila mai binciken teku. Da suka isa Niyu Zilan, tafiyar kusan kilomita 4,000 daga garinsu, sai ya yi wa Mawori magana da harshensa, suka kuma fahimce shi.

Wane iri ne suka ƙetare teku da shi?

Mai gungume a gefe na kamun kifi ne da zirga-zirgar kusa. Na doguwar tafiya tagwaye ne: kwalekwale biyu a jere, an haɗa su da katakai, an shimfiɗa dandamali a tsakani inda mutane da kaya suke zama. A Hawayi sunansa wa'a kaulua, Mawori kuma su ce waka hourua. Iska ce ke tura shi, ta hanyar tabarmar ganyen wata bishiya da ake saƙawa a ɗaga a kan doguwar sanda.

Yaya ake haɗa shi alhali babu ƙusa?

Da gizagon dutse ake sassaƙa shi. A Hawayi itacen koa ake nema, a Niyu Zilan totara ko kauri. Masassaƙan Hawayi suna da wata dabara da take burge ni ƙwarai: in an kayar da bishiya, sai a zuba ido ga wani ɗan tsuntsu mai suna 'elepaio. In ya sauka yana caccakar gungumen, to ƙwari sun ci cikinsa, a bar shi. In ya bi ta kai ya wuce bai tsaya ba, itacen lafiyayye ne. Bayan an rarake gungumen, sai a huda gefensa, a ɗinka katakai a kai da igiyar da aka tufka daga zaren ɓawon kwakwa, a toshe kafofi da danƙon itace. Ɗaurin igiya yana ɗan lanƙwasawa in igiyar ruwa ta bugi jirgin, don haka ba ya tsagewa da sauƙi.

Ba iska ce kawai ta kwashe su ta jefa kan tsibiran ba?

Haka wasu masana suka yi ta faɗa a shekarun 1950, kuma ni ina ganin raini ne ya yi yawa a maganar. Wanda iska ta kwashe yana kamun kifi ba ya tafiya da mata da yara da irin gwaza. An amsa musu a aikace. A 1973 aka kafa ƙungiyar Polynesian Voyaging Society a Hawayi, a 1975 ta ƙaddamar da kwalekwale tagwaye mai suna Hokule'a, tsawonsa kusan mita 19. A lokacin ilimin tuƙi na gargajiya ya ɓace a Hawayi, sai da aka ɗauko Mau Piailug daga ɗan tsibirin Satawal na Maikronesiya, wani yankin tsibirai na daban a yammacin Fasifik. A 1976 ya kai jirgin Tahiti cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki, ba na'ura ko ɗaya. Mafitar taurari da mafaɗarsu yake karantawa, da yadda igiyar ruwa ke dukan jirgi, da tsuntsayen da ke komawa tudu da yamma. A 1980 ɗalibinsa Nainoa Thompson, ɗan Hawayi, ya yi tafiyar da kansa, zuwa da dawowa.

Yau fa, yana nan ko ya koma gidan tarihi?

Yana nan daram. Ba-Mawori in zai gabatar da kansa a taro, yakan ambaci kwalekwalen da ya kawo kakanninsa, kamar Tainui ko Te Arawa ko Takitimu, kafin ya zo kan sunansa. A Waitangi, can arewacin Niyu Zilan, akwai kwalekwalen yaƙi mai tsawon kusan mita 35 da aka sassaƙa don bikin 1940 na cika shekara ɗari da yarjejeniyar da Mawori suka ƙulla da Ingila a wurin, kuma har yanzu ana saka shi a ruwa lokacin bikin tunawa da yarjejeniyar, ranar 6 ga Fabrairu. A yankin Tahiti kuwa tseren va'a babban wasa ne, ana yin gasar Hawaiki Nui kwana uku daga tsibirin Huahine zuwa na Bora Bora, mutum shida a kowane kwalekwale.