Ba oksijin zalla ba ne a cikin silindar mai nutso

A Kano, da an ga hoton mai nutso a tekun Zanzibar ko Bahar Maliya goye da silinda, sai a ce ai oksijin ne irin na asibiti. Ba haka ba ne. Galibi iskar da muke shaƙa ce aka tace, aka matse ta: kusan kashi 21 cikin 100 oksijin, sauran akasari naitrojin. Oksijin zalla kuwa guba ne idan aka wuce zurfin mita 6, yana iya sa mutum farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa.

Naitrojin ɗin ne abin lura. Gwargwadon zurfi da daɗewarka kana kallon murjani da kunkurun teku, gwargwadon yadda yake narkewa a jini. Ka taso da gaggawa, sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe, ya jawo ciwon gaɓoɓi, wani lokacin har shanyewar jiki. Shi ya sa ake tasowa sannu a hankali, a dakata minti 3 a zurfin mita 5. Ba a kuma riƙe numfashi, amma wannan don kada iskar da ke cikin huhu ta kumbura ta ji wa huhun rauni ne.

Saboda haɗarin kumfar nan ne ma, wanda ya yi nutso sau da yawa a jere, kada ya hau jirgin saman dawowa Kano sai bayan aƙalla awa 18 da nutsonsa na ƙarshe.