Dokar da ta haramta bam mai 'ya'ya: me ta hana, me ta bari?

A ranar 28 ga Fabrairu 2023 Najeriya ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar amincewarta da yarjejeniyar haramta bama-bamai masu 'ya'ya, wato waɗanda ke buɗewa a sama su watsa ƙananan bama-bamai, kuma tun daga 1 ga Agusta na wannan shekara yarjejeniyar ta hau kanta. Ranar da aka miƙa takardar kwana uku ke nan da zaɓen shugaban ƙasa, kowa ya kasa kunne yana jiran sakamako, shi ya sa labarin ya wuce shiru. Amma mu nan Katsina, da muke jin rugugin jiragen yaƙi suna nufar dajin Rugu, muna da dalilin sanin makamin da aka yarda soja ya harba da wanda aka hana shi.

Yarjejeniyar ba ta haramta makamin roka ba. Abin da aka ɗura a kan rokar shi ta duba.

Motar harba roka da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce Grad, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Bututu 40 gare ta, tana iya sakin su duka cikin daƙiƙa 20, su yi tafiyar kilomita 20 ko fiye. Ba a saita irin wannan roka a kan gida ɗaya ko mota ɗaya, fili guda ake son ta rufe. Kan rokar kuwa iri-iri ne. Akwai mai fashewa ya watsa ɓaraguzan ƙarfe, wanda aka fi amfani da shi a kan sansani da taron mayaƙa. Akwai mai fitar da hayaƙi don ɓoye motsin sojoji, da mai haska fili da dare, da mai tayar da gobara, da mai zuba nakiyoyi a hanya. Nakiyar da ake binne wa mutum tana da tata dokar, yarjejeniyar Ottawa ta 1997, wadda Najeriya ta shiga a 2001.

Mai 'ya'yan shi ne wanda ke buɗewa tun yana sama, ya yafa ƙananan bama-bamai kamar manomi na yafa iri. Rokar Smerch ta Rasha tana ɗaukar 'ya'ya 72. Rokar M26 ta Amurka tana ɗaukar 644, motarta kuma roka 12 take harbawa, wato 'ya'ya 7,728 a tashi ɗaya. Sojoji suna son sa ne domin harbi kaɗan ya isa ya tarwatsa ayarin motoci ko dakarun da suka bazu.

Illar tasa biyu ce. Lokacin da yake sauka ba ya bambance soja da mai tallan fura. Sannan ba duka 'ya'yan ke fashewa ba. Wanda ya faɗa cikin laka, ko yashi mai laushi, ko ya maƙale a reshe, sai ya kwanta da ransa yana jiran fartanya ko hannun yaro, ga shi wasu da ɗan ƙyalle a kai mai jan ido. A ƙasar Lawos, Amurka ta zuba kimanin miliyan 270 daga 1964 zuwa 1973, kusan miliyan 80 ba su fashe ba, kuma har yau ana tono su a gonakin shinkafa. A yaƙin 2006 Isra'ila ta harba kimanin miliyan huɗu a kudancin Labanan, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta waɗanda ba su tashi ba sun kai miliyan ɗaya. Abin da ya faru a Labanan ne ya zaburar da ƙasashe, aka amince da yarjejeniyar a Dublin ranar 30 ga Mayu 2008, aka sa hannu a Oslo cikin Disamba, ta fara aiki 1 ga Agusta 2010.

Sashe na 1 ya ce ƙasar da ta shiga ba za ta yi amfani da makamin ba ko a wane hali, ba za ta ƙera ba, ba za ta saya ko ta ajiye ko ta miƙa wa wani ba, ba kuma za ta taimaka wa mai yin haka ba. “Ko a wane hali” ya haɗa da yaƙin cikin gida, don haka ko 'yan bindigar daji ba a yarda a watsa musu shi ba. Ina ganin wannan daidai ne. Dajin da ɗan bindiga ya ɓuya yau, shi ne makiyayar Bafulatani da gonar mutumin Batsari ko Safana in Allah ya kawo zaman lafiya.

Sashe na 2 ya fayyace makamin: wanda ke sakin 'ya'ya masu fashewa, kowanne bai kai kilo 20 ba. Na hayaƙi da na haske ba sa ciki. An kuma ƙyale wani nau'i na zamani, amma da sharuɗɗa biyar a haɗe: 'ya'yan ba su kai goma ba, kowanne ya haura kilo huɗu, yana neman abin hari guda da kansa, yana tarwatsa kansa in ya rasa, in hakan ya ƙi kuma ya mutu da kansa.

Sauran wajibai na da wa'adi. Shekara takwas a lalata wanda ke rumbun soja, shekara goma a share filin da ya gurɓata. Sashe na 5 ya ɗora wa gwamnati kula da wanda abin ya raunata, da iyalinsa da garinsu: magani, ƙafar roba, da hanyar neman abinci.

Inda yarjejeniyar ta yi rauni a fili yake. Amurka, Rasha, Sin, Indiya, Pakistan da Isra'ila duk ba su shiga ba. An yi ta amfani da makamin a yaƙin Rasha da Yukiren, Amurka ta aika wa Yukiren shi a Yuli 2023, Lituwaniya kuma ta fice a 2025 saboda tsoron Rasha. Sashe na 21 ma ya bar ƙasar da ta shiga ta yi yaƙin haɗin gwiwa da wadda ba ta shiga ba. Ita kuwa rokar Grad mai kai ɗaya halal ce a wannan doka, sai dai ƙarin yarjejeniyar Janiba kan dokokin yaƙi na 1977 ya haramta harin kan mai uwa da wabi, kuma harba roka 40 cikin unguwa ba shi da wani suna sai wannan. Maƙwabciyarmu Nijar dai ta shiga yarjejeniyar bam mai 'ya'ya tun 2009.

Kada a ɗauka abin na nesa ne. A 2015 rundunar sojan Najeriya ta yi gargaɗi cewa an gano irin waɗannan 'ya'yan bam a maɓoyar Boko Haram a jihar Adamawa. Waɗanda na fi ji wa tsoro su ne yara 'yan jari-bola da masu kiwo, domin ƙarfe a wurinsu kuɗi ne. Duk ƙarfen da ba a san kansa ba a gona ko daji, kada a taɓa, kada a jefa shi a wuta. A sa alama daga nesa, a gaya wa mai unguwa ko dagaci, a kira 'yan sanda masu kwance bam.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan 'yan majalisa. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a kotunanmu sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, Sashe na 9 na yarjejeniyar kuma ya wajabta wa kowace ƙasa ta tanadi hukunci ga wanda ya karya ta. Katsina na da sanatoci uku, na shiyyar Katsina, da Daura, da Funtuwa. Duk wanda ya samu zama da ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi inda aka kwana a kan wannan hukunci, da kuma yawan irin wannan makami da ya rage a rumbunan sojanmu kafin wa'adin 2031 ya cika.