Yaro mai galahanga, takardar likita da haƙƙinsa: tambayoyin da iyaye ke yi a Kano

Ɗan ƙanwata shekararsa bakwai. Bai fara haɗa kalma biyu ba sai da ya kusa biyar, kuma har yau in aka tada injin markaɗe a maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado. Lalurarsa galahanga ce, irin wadda likitoci ke kira otizim. Ni nake raka uwarsa asibiti, kuma a bencin jiran likita na ji tambayoyin nan daga bakin iyaye, wasu cikin raɗa.

Wai da gaske gwamnati na biyan masu wannan lalura kuɗi duk wata?

Masu wannan magana yawanci labarin Ingila ko Amurka suka ji. A Ingila akwai alawus da ake kira DLA na yara 'yan ƙasa da shekara 16, da PIP na waɗanda suka haura. A Amurka akwai irin wannan tallafi da ake kira SSI. Mu a nan dokar tarayya ba ta yanka wa kowa albashin wata ba. Gara a san wannan tun farko, kada uwa ta ƙarar da kuɗin adaidaita tana bin ofisoshi da tsammanin za a buɗe mata asusu.

Abin da muke da shi haƙƙoƙi ne, kuma ba ƙanana ba ne in an san yadda za a neme su.

Waɗanne haƙƙoƙi ke nan?

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ake kira dokar 2018. Ita ta haifar da hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, NCPWD, da aka kafa a 2020. Dokar ta ce ilimi kyauta ne gare su har ƙarshen sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ce mai lalurar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati. Wanda ya nuna musu wariya, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan ɗaya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ma ta sa su cikin rukunin masu rauni da ya kamata a ɗauke wa kuɗin asibiti, kuma a Kano hukumar inshorar lafiya ta jiha, KSCHMA, ce ke rajistar irin wannan taimakekeniya.

Kowa ya san rubutu daban, aiwatarwa daban. Amma na ga bambancin uwar da ta je da baki kawai da wadda ta je da takarda a hannu.

To ina takardar likita ta shigo?

Gurgu in ya shiga ofis, ido ya gama shaida. Makaho ma haka. Mai galahanga kuwa ga shi da ƙafafunsa, kyakkyawa, tsaf da shi, sai ma'aikaci ya dube shi ya ce, "Hajiya, ai wannan lafiyarsa ƙalau, rashin ji ne kawai." Lalura ce da ba ta fito a fuska ba, don haka takarda ce ke magana a madadinsa.

Dokar 2018 ma haka ta tsara. Likita na iya ba da shaidar lalura ta wucin gadi da yardar hukumar NCPWD, shaidar da ba ta wuce kwana 180. In lalurar ta zarce haka, hukumar ta ba da shaida ta dindindin, bisa shawarar likita. Galahanga ba ta warkewa kamar zazzaɓi, tare ake girma da ita, don haka ta dindindin ce abin nema.

Wane likita za mu gani, kuma a ina?

Likitan yara, musamman wanda ya ƙware a kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko likitan ƙwaƙwalwa mai duba yara. A fara daga asibitin da ya fi kusa a karɓi takardar turawa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wato asibitin Malam, yana da sashen yara da na ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin Murtala, akwai na yara na Hasiya Bayero, akwai na ƙwaƙwalwa a Dawanau. Na san sunan Dawanau kaɗai na sa gaban wasu iyaye ya faɗi, amma zuwa can ba ya nufin an ce ɗanka mahaukaci ne. Shaidar mai kemis ko ta mai maganin gargajiya ba ta shiga ofis.

An ce babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ta. To da me likita zai tabbatar?

Gaskiya ne. Da kallon yaron ake ganewa, da kuma tarihin da iyaye suka bayar. Yana waiwayowa in an kira sunansa? Yana haɗa ido? Yana nuna abu da yatsa don a gani tare da shi? Yana maimaita motsi ɗaya ko kalma ɗaya? Sau da yawa za a fara tura shi gwajin ji, don a tabbatar ba kurumta ba ce. In yana faɗuwa ko suma, za a duba farfaɗiya, domin takan zo tare da ita.

A nan iyaye da yawa ke yi wa kansu asara. Likita minti goma ko sha biyar zai ga yaron, ga layi har baranda. Uwa kuwa ita ke tare da shi dare da rana. Amma kunya da kara sukan sa in an tambaye ta ya jikin nasa, ta ce "da sauƙi, alhamdu lillahi." Ranar farko ƙanwata haka ta yi, alhali a daren ba ta runtsa ba. Yaron kuma ya zauna shiru yana jera murafen kwalba a kan benci, kamar ba shi ne ya fasa goshinsa da bango shekaranjiya ba. Da muka fito na ce mata, "Ke kuwa me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Yaya, ai sai in ga kamar ƙarar ɗana nake kaiwa."

Godiyar Allah tana nan daram, amma likita ba ya rubuta abin da ba a gaya masa ba. Da muka koma, mun je da littafin makaranta mai fallaye arba'in da ta yi sati uku tana rubutu a ciki: ƙarfe nawa ya yi barci, me ya ci me ya ƙi, sau nawa ya fice titi ba a sani ba. Muka nuna bidiyo biyu a waya. Muka kai katin awonsa na jarirai da 'yar wasiƙa daga malamarsa. A ranar ne aka yi mana rubutu mai ma'ana.

Me ya kamata takardar ta ƙunsa?

Sunan lalurar dalla-dalla, yadda likitoci ke rubuta shi. Wannan na da muhimmanci domin mu a baki kalmar galahanga mukan jibga mata komai, da shanyewar gaɓoɓi daga ƙwaƙwalwa da jinkirin fahimta, alhali otizim daban yake da waɗannan. Sai matakin taimakon da yake buƙata: littafin DSM-5 na likitocin Amurka, da ya fito a 2013, ya kasa shi mataki uku, na uku shi ne mai buƙatar taimako sosai.

Amma suna kaɗai ba ya isa. Yara biyu na iya ɗaukar suna ɗaya, ɗaya yana haddar Alƙur'ani yana zuwa kasuwa shi kaɗai, ɗayan ba ya iya tsarki sai an yi masa. A roƙi likita ya rubuta abin da yaron ba ya iyawa a rayuwar yau da kullum: cin abinci, wanka, banɗaki, faɗin abin da ke damunsa, gane haɗarin mota ko wuta. Ya kuma rubuta abin da yake ba da shawara, kamar koyon magana wurin ƙwararre, ko malami na musamman, ko ƙarin lokaci a jarrabawa. Takardar ta kasance mai kan asibiti, da kwanan wata, da sa hannu, da hatimi. Sunan yaron ya yi daidai da na takardar haihuwa da na NIN, harafi da harafi.

In an rubuta layi biyu kawai fa?

A koma cikin ladabi a ce, "Likita, makaranta ke nema, a taimaka a ƙara bayani." In an faɗa masa inda takardar za ta je, ya fi sanin abin da zai sa. Neman ra'ayin likita na biyu ma ba laifi ba ne.

Wani ya ce in ba shi kuɗi ya samo min shaidar ba sai an je asibiti ba.

Kada ki ba shi ko sisi. Dokar ta hukunta mai ba da shaidar ƙarya da mai karɓa.

Namu babba ne, yana magana, har ya kusa gama sakandare. Shi ma ya shafe shi?

Ya shafe shi. Ba a makara da neman ganin likita, ko da mutum ya yi gemu. Hukumar JAMB tana da tsari na musamman ga masu irin wannan lalura, amma sai an bayyana tun wurin rajista, kuma takardar asibiti ce hujja. Shi kansa a tambaye shi me ke ba shi wahala, a bar shi ya gaya wa likita da bakinsa.

Mahaifinsa ya ce ba za a rubuta wa ɗansa lalura a takarda ba, kada ta bi shi har aure.

Na fahimci wannan tsoron, mijin ƙanwata ma ya yi shi. Abin da na gaya masa shi ne, unguwa ta riga ta sa wa yaron sunaye, daga mai cewa aljanu sai mai cewa sangarta, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya sa malami ya daina dukansa. Bayanin asibiti sirri ne, ba a liƙa shi a ƙofar gida, kai ke zaɓar wanda za ka nuna wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura, ka ga ba gidanka kaɗai ba ne a Kano. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma allurar riga-kafi ke kawo ta ba.

Bai ce komai ba a ranar. Bayan sati biyu shi ya ɗauki takardar ya kai wa shugabar makarantar, aka dawo da yaron bencin gaba, nesa da taga mai hayaniyar titi. Ta asalin tana cikin leda a ƙasan akwatin uwarsa, kwafi muke yawo da shi.